Kallon fim ɗin da matar aure ke son aminin mijinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce, shekarata shida a ɗakin mijina. Akwai wani fim mai dogon zango da nake bi a waya, labarin wata mata ce da mijinta ba ya kula ta, sai amininsa ya zama mai share mata hawaye, har soyayya ta shiga tsakaninsu. Ba a nuna tsiraici. Maigidana ya ce haramun ne, ni kuma na ce labari ne kawai, ai Alƙur'ani ma ya ba da ƙissar Annabi Yusuf da matar Azizu. Abin da ya dame ni, rannan na ji bakina yana cewa "Allah ya sa kada mijin ya kama su." Malam, ina cikin laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, wannan addu'ar da ta suɓuce miki ita ce amsar tambayarki. Amma bari mu fara da abin da ba laifi ba ne, don kada a haramta abin da Allah bai haramta ba.

So kansa ba zunubi ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas yadda Mugisu ke bin bayan Barira, matarsa da ta rabu da shi, yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, ita kuwa ba ta ƙaunarsa. Annabi (SAW) bai tsawata masa ba, har ma ya roƙar masa ita, ta ce ba ta da buƙata, aka ƙyale ta. Haka nan mutum biyu su nemi mace ɗaya wadda ba ta riga ta tsayar da kowa ba. A cikin Sahihu Muslim, Mu'awiya da Abu Jahm duk sun nemi auren Faɗimatu bintu Ƙais, Annabi (SAW) ya ba ta shawara ta auri Usama bin Zaid. Hanin neman aure a kan neman ɗan'uwa, kamar yadda Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa kuma Ibnu Abi Zaid mai littafin Risala ya bi shi, yana farawa ne idan ta karkata ga na farko an daidaita. Don haka ba duk labarin da aka sami mutum uku a cikinsa ne abin ƙi ba.

Naki fim ɗin daban ne. Akwai igiyar aure, kuma mai warware ta amini ne. Wannan aikin yana da suna a fiƙihu, takhbibi, wato hure wa mace kunne a ɓata ta ga mijinta. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ɓata mace ga mijinta ba ya tare da mu. Malaman Malikiyya sun tsananta har suka ce idan ya kashe mata aure ta wannan hanya sannan ya aure ta, a raba su, don a haramta masa abin da ya yi wa makirci. Sauran mazhabobi sun ce auren ya ɗauru amma zunubin yana wuyansa. Kin ga ke nan, ɗaurin auren da kike jira a kashin ƙarshe ki yi murna, shi ne wanda alƙalin Malikiyya zai warware.

Da Ibnu Mas'ud ya tambayi Annabi (SAW) mafi girman zunubai, bayan shirka da kashe ɗa don tsoron ciyar da shi, sai ya ambaci zina da matar maƙwabci. Me ya ƙara mata nauyi? Amana. Maƙwabci an sake da shi, ba a rufe masa ƙofa. Amini kuwa ya fi shi sanin gidan: ya san lokacin da maigida ke tafiya, ya san ranar da aka yi faɗa. Irin wannan kusancin ne ya sa da aka tambayi Annabi (SAW) game da ɗan'uwan miji ya shiga wurin matar, ya ce ai shi ne mutuwa.

Sai hujjarki ta Suratu Yusuf. Buɗe Alƙur'ani ki duba aya ta 23. A aya guda aka faɗi cewa ta neme shi, ta kulle ƙofofi, ta ce ya matso, shi kuma ya ce "Ma'azallah," wato ina neman tsarin Allah. Ba a siffanta fuskarta ba, ko sunanta ba a ambata ba. Kuma dalilin da ya kawo, bisa fassarar da yawa daga malaman tafsiri, shi ne maigidan ya kyautata masa mazauni, ba zai ci amanarsa ba. Mai karatu yana tsere zuwa ƙofa tare da Yusuf ne, zuciyarsa na fatan ya kuɓuta.

To ki dubi yadda mai shirya fim ke yin nasa aikin. Mijin kullum fuska a murtuke, idonsa a kan waya, ya manta abin da ta roƙe shi jiya. Aminin na shigowa sai kiɗa ya yi taushi, kyamara ta tsaya a kan idonta, hannunsu ya haɗu wajen miƙa kofi, a ja wannan daƙiƙa ɗaya ta zama minti guda. A yi haka kashi talatin, kashi arba'in. Ba a ce miki cin amana halal ne ba, an dai zaunar da ke a wurin da ba ki ganin komai sai uzurinsa. Ko da an kama su a ƙarshe sun yi nadama, minti goma na kuka ba ya wanke watannin da aka yi ana ɗanɗana miki daɗin abin. Rashin tsiraici ya rage ɓarna ɗaya, bai taɓa wannan ba.

Saboda haka, abin da nake gani shi ne kallon wannan fim da ire-irensa haramun ne, ki daina. Allah cewa ya yi "kada ku kusanci zina" (Isra'i: 32), kuma sabar wa zuciya son nasarar masu yinta yana daga kusantar. Masu shiryawa da yaɗawa su ji tsoron aya ta 19 a Suratun Nur, wadda ta yi gargaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Labarin da ya nuna cin amana da muninsa, mai kallo yana ƙyamarta tun farko, hukuncinsa yana komawa ga sauran abin da ke cikinsa na sutura da cakuɗa da ɓata lokacin salla.

Abin da ya ɗarsu a zuciyarki, Allah ya yafe wa al'ummar nan wasiwasin rai matuƙar ba a faɗa ko an aikata ba. Amma ke kin furta, kin kuma haɗa da sunan Allah. Ki yi istigfari, babu kaffara a kanki.

Maigidanki ya yi daidai. Sai dai ki gaya masa hukuncin ɗaya ne idan shi ne ke kallon wanda miji ke zagayawa wurin ƙawar matarsa. Maza kan manta da wannan.

Kuma ki tambayi kanki me ya sa labarin matar da ba a kula ta ya kama ki haka. Idan akwai abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya, maigidan za ki zaunar ki faɗa wa, ko wani babba daga muharramanki ya shiga tsakani. Kada ki kai kukan wurin abokinsa.

Wallahu a'alam.