Kifin da ke bushewa kamar itace: daga ina yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A kasuwar Sabon Gari ina ganin wani busasshen kifi mai tsada, mai tauri kamar icen girki, wanda 'yan kudu ke kira okporoko, kuma an ce daga ƙasar Norwe ake kawo shi. Wane irin kifi ne, kuma me ya sa yake daɗewa bai lalace ba alhali ba gishiri ba hayaƙi? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Mafi yawan wannan kifi shi ne wanda Turawa ke kira kod, masana kuma suka raɗa masa suna Gadus morhua. Kifin ruwan gishiri ne da ke rayuwa a arewacin Tekun Atlantika, inda sanyin ruwa kan kusan kai na ƙanƙara, don haka ba za a same shi a Tafkin Chadi ko Kogin Neja ba. Ana gane shi da fikafikai uku a gadon baya, da farin layi a gefen jiki, da ɗan gemu guda a haɓa irin na tarwaɗa, wanda yake lalubar abinci da shi a ƙasan teku. Yana cin ƙananan kifaye da jatan lande, har da 'ya'yan jinsinsa, kuma yakan haura shekara 20 a raye.

Wanda ake busarwa a Norwe yana girma ne a Tekun Barents, can arewa da Norwe da Rasha. Idan ya balaga, wajen shekara 6 zuwa 8, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa tsibiran Lofoten da ke arewacin Norwe tsakanin Janairu da Afrilu, domin a can ne yake samun ruwa mai digiri 4 zuwa 6 da ya dace da ƙwansa. Babbar mace guda tana zuba miliyoyin ƙwai, waɗanda ba sa nutsewa, sai dai su yi ta yawo kusa da saman ruwa har igiyar teku ta kwashe 'ya'yan ta mayar da su arewa, inda iyayensu suka fito. Kaɗan ne ƙwarai ke kai labari.

Sirrin daɗewarsa kuwa yana cikin hantarsa. Kifin ƙanƙara irin su Titus maiƙonsa na cikin tsoka ne, shi ya sa ba ya jimawa yake ƙarni. Shi kod yana tara kitsensa ne a hanta, tsokar kuma fara ce da maiƙonta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda haka babu maiƙon da zai yi saurin ɓaci idan an cire kayan ciki. Daga wannan hantar ce, af, ake tatsar man kifin da iyaye mata ke ba yara saboda sinadaran bitamin A da D.

Sauran aikin na yanayi ne. Kifin yana isowa Lofoten daidai lokacin da sanyi ya hana ƙuda da ruɓa, amma bai tsananta har ya daskarar da naman ba. Masunta sukan ɗaure su bibbiyu ta wutsiya, su rataye a kan rumfunan katako daga Fabrairu zuwa Mayu, iskar teku ta tsotse ruwan jikinsu har nauyin ya ragu da wajen kashi 80 cikin 100. Kawunan ma ana busar da su daban, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu.

A ganina tsadarsa ba zaluncin 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Kifi ne mai jinkirin balaga, wanda yawan kamu ke saurin karya shi: a 1992 gwamnatin Kanada ta hana kama shi a gaɓar Newfoundland bayan ya kusa ƙarewa, dubban masunta suka rasa sana'a. Shi ya sa Norwe da Rasha suke zama duk shekara su ƙayyade adadin da za a kama a Tekun Barents.