Dainoso na Cikin Fim da na Gaskiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun kalli fim ɗin Jurassic Park, suka tsare ni da tambaya ko da gaske an taɓa yin dainoso a duniya, kuma ko haka kamanninsu suke. Ina neman ƙarin bayani. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki tabbatar wa yaran cewa dabbobin an yi su, amma masu shirya fim sun ƙara gishiri sosai wajen siffanta su, domin abin da ke gabansu shi ne su tsorata mai kallo.

Babban misali shi ne Velociraptor, wanda fim ɗin na 1993 ya nuna da tsayin mutum da fata irin ta kada. Ƙasusuwansa da aka tono a Mongoliya sun nuna cewa girmansa bai wuce na babban talotalo ba, kuma a 2007 masana suka gano gurabun da gashin fiffike ke tsirowa a jikin ƙashin hannunsa. Tun a 1996 ma aka samo wani ƙaramin dainoso mai gashi a lardin Liaoning na ƙasar Sin, abin da ya ƙara ƙarfafa matsayar masana cewa tsuntsaye daga zuriyar dainoso suka fito. Duk da haka an daɗe ana nuna su tsirara a fina-finai, wataƙila saboda dodo mai gashin kaza ba zai sayar da tikiti ba.

Shi kuwa rurin dainoso da ake ji a fim, haɗa shi aka yi daga kukan dabbobin yau. Haka nan dainoso ba su taɓa zama tare da mutane ba, domin sun ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Abin da fina-finan ba sa faɗa shi ne, ƙasarku Nijar tana cikin wuraren da suka yi fice wajen waɗannan ƙasusuwa. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, aka samo Nigersaurus, mai cin tsirrai da ke da haƙora sama da 500. Idan kika je Yamai, ki kai yaran gidan tarihi na Boubou Hama su ga ƙwarangwal ɗin dainoso da idonsu.