Wai duk giya sanyi ɗaya take so?

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ina aikin bar a wani otel a Garwa, ni ba na sha, neman abinci ne ya kawo ni. Mai gida ya ce duk kwalba a jefa ta firiza sai ta yi fari, amma wani baƙo ya dawo min da Guinness wai ta yi sanyi da yawa, washegari kuma wani ya ce giyar 33 ɗin da na kawo masa kamar ruwan wanka. To wanne zan bi?

Amsa: Ƙanena sannu da ƙoƙari. Duk su biyun suna da gaskiya, mai gidanka ne ya haɗa abu biyu ya mai da su ɗaya. Kuma ba sai ka ɗanɗana ba kafin ka iya aikin nan, ma'aunin zafi ƙarami irin na firigo, wato firji, ya ishe ka.

Abin da sanyi ke yi shi ne yana danne ƙanshi, yana rage zaƙin da harshe ke ji, sannan yana riƙe iskar gas ɗin nan a cikin ruwan. Kamar mangwaro ne, wanda ka ciro daga firiza ba ka jin ƙanshinsa sai ya ɗan sha iska. To giyar da dama ba a yi ta don ƙanshi ba, an yi ta ne don a kashe ƙishi, sanyi ba ya rage mata komai, ƙara mata ma yake yi. Wadda kuma aka gasa hatsinta har ya yi baƙi don ta ba da ƙanshin kofi da ɗan ɗaci, in ka daskarar da ita ka zubar da abin da mutum ya biya kuɗi dominsa.

Mafi yawan abin da ke cikin kaziyenku, akwatunan kwalabe ke nan, laga ce, wato mai ruwan zinare, 33 Export, Castel, Mützig, Beaufort, Kadji, haka ma Gala ta Mundu in kana da baƙi daga Cadi. Waɗannan tsakanin digiri 3 zuwa 7 ake ba da su. Ni a Garwa ƙasan nake bi, 3 ko 4, saboda lissafin Turai an yi shi ne a ɗakin da bai wuce digiri 20 ba, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi na haura 40, kuma kwalbarmu babba ce mai santilita 65, mutum yana hira yana kallon ƙwallo kafin ya kai rabi ta riga ta canza. Shi ya sa nake cewa kada ka cika masa kofi ka bar kwalbar a tebur tana gumi, zuba rabi, sauran ka tsoma a bokitin ruwan ƙanƙara kusa da shi. Wanda ya ce maka bien glacée, wato mai sanyi sosai da Faransanci, wannan yake nufi, ba wai ka kawo masa dutse ba.

Guinness kuwa wani gida ne daban. Wadda muke da ita a Kamaru barasar cikinta kashi 7.5 ce cikin ɗari, ta fi laga nauyi nesa, su wajen kashi 5 ne. Baƙar giya irin wannan tana buɗewa ne daga digiri 8 zuwa 12. Ba sai ka sayi wani firigo ba, ciro ta ka ajiye a inuwa kamar minti biyar zuwa goma kafin ka buɗe, da zafinmu nan da nan take hawa, ko ka riƙa jera su kusa da ƙofar firigo inda sanyi bai kai na can ciki ba. Amma fa kula, mutanenmu da yawa da sanyi sosai suka saba shanta kuma haka suke so, kada ka tsaya yi wa kwastoma lacca. Tambaye shi kawai, mai sanyi sosai ko daidai? Kalma biyu ce, ta raba ka da rigima.

In otel ɗinku yana kawo na waje, giyar alkama ta Jamus ko Beljiyam, wadda za ka ga ruwanta da ɗan duhu-duhu kamar ba a tace ba, 5 zuwa 7 ya yi mata. Masu nauyi na Beljiyam irin Chimay mai shuɗiyar takarda, wadda ta kai kashi 9, su 10 zuwa 12 suke so, kuma galibi kamfanin na rubuta adadin a bayan kwalba, juya ka duba. A Ingila ma giyarsu ta gargajiya da ake jawowa daga ganga a ɗakin ƙasa wajen 11 zuwa 13 ake sha, daga nan ne maganar nan ta fito wai Turawan Ingila giya mai ɗumi suke sha. 12 ba ɗumi ba ne, ya fi ruwan randa sanyi.

Yanzu maganar firiza, nan ne ban yarda da mai gidanka ba ko kaɗan. Giya mai kashi 5 tana fara daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili, firiza kuwa yana sauka har 18 ƙasa da sifili. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura kusan kashi 9 cikin ɗari, ko dai kwalbar ta fashe ka kwana kana tsintar gilashi, ko murfin ya ɗaga gas ya gudu, ta narke ta zama lami babu kumfa. Akwai kuma wadda za ka ciro tana nan ruwa sumul, kana buɗewa a gaban kwastoma sai ka ga farin abu ya taso daga wuyan kwalba ya sauka ƙasa, cikin daƙiƙa kaɗan ta zama ƙanƙara, ka juya ta a kofi ba abin da ke fita. Wannan ta wuce wurin daskarewa ne tana jiran abin da zai motsa ta, fitar gas ɗin ya motsa ta. Asarar kuma a albashin yaron bar ake cirewa, ka fi ni sani.

In ana sauri, ko an ɗauke wuta tun safe, nemi bulon ƙanƙara ka farfasa a baho, zuba ruwa har wuyan kwalabe, watsa gishiri hannu biyu. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi, abin da firigo zai yi awanni yana yi wannan kafin rabin awa ya gama. Ƙanƙara zalla ba ruwa ba ta yin saurin nan, don ba ta taɓa jikin kwalbar ko'ina. Kofi kuma kada a sa shi a firiza, yana kwaso warin kifi da naman da ke ciki, ɗauraye shi da ruwan sanyi mai tsabta ya isa. Kofin da ke da maiƙo ko sauran sabulu shi ke kashe kumfa, sai a ɗora wa giya laifi.

Sannan rana. Na sha ganin kaziye jere a ƙofar bar tun da mota ta sauke har la'asar. Zafi yana tsufar da giya da wuri, haske kuma yana taɓa sinadarin furen hop, tsiron da ake sa wa giya don ya ba ta ɗaci, sai ta yi wani wari mara daɗi, kuma ko ka sanyaya ta bayan nan warin ba ya fita. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi karewa, koriya irin ta Heineken ta fi saurin kamuwa. Abin da ake cewa wai in ta yi sanyi ta huce ta sake yin sanyi ta lalace, ba shi ne matsalar ba, daɗewa cikin zafi ne ke ɓata ta. Don haka ana saukewa a shige da su ɗaki mai duhu, tsohon kaya a gaba sabo a baya.

Lokaci ma yana da nasa. Da daren hunturu a Disamba da Janairu, ko a Ngaundare da take kan tudu, laga mai digiri 6 ko 7 ba wanda zai dawo maka da ita.

Bil-bil kuwa, burkutun dawa da mata ke dafawa a unguwannin Marwa da Garwa, ba ta shiga wannan lissafin sam. Ita tana kan tsima ne lokacin da ake sayar da ita, a ƙwarya ake sha yadda take ba firigo, kwana ɗaya zuwa biyu ta yi tsami. In wani baƙo ya roƙe ka ka ɗura masa a kwalba ka toshe ka ajiye, ka ce a'a, gas ɗin da take fitarwa zai iya tashi da murfin.