Ƙanwata, ki tambaye su wa zai kwana a asibitin tare da ke

Na ga saƙonki, kuma sau biyu na karanta shi. Kin ce wani ƙaramin asibiti can cikin ƙasar Ostireliya, nesa da bakin teku, ya ba ki aikin nas, za su tsaya miki a kan biza mai lamba 494, ga kuma gida kusa da wurin aiki. Maigidanki yana so, Hajiya tana ɗari-ɗari, ke kuma da kika buɗe taswira ba ki ga komai a kewayen garin ba sai jar ƙasa, sai jikinki ya yi sanyi. Kina tambaya ko ki karɓa, ko ki jira Allah ya kawo na birni.

Ni na karɓi irin wannan aiki. Shekara huɗu na yi a wani ɗan gari a yammacin jihar Kwinsland, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Amma ba zan ce ki rufe ido ki sa hannu ba, don a gabana wasu suka zo da murna, ba su cika wata shida ba suka tattara nasu ya nasu.

Ki fara gane abin da bizar take nema daga gare ki. An fito da ita a Nuwamban 2019, tana aiki shekara biyar, kuma in kin yi shekara uku kina zaune kina aiki a yankin da gwamnati ta ware, za ki iya neman izinin zama na dindindin ta biza mai lamba 191. To, ga abin da dillalan aiki ba su cika faɗa ba: yankin da aka ware ɗin nan, kusan duk ƙasar ce in aka cire Sidni da Melbon da Birisben. Manyan birane irin su Perth da Adelaide ma na ciki. Wato bizar ba ta tilasta miki zama a ƙarshen duniya ba. In kin je can, ki je don aikin ya yi miki, kada wani ya ce miki babu wata ƙofa sai wannan.

Ma'aikatar lafiyarsu tana da ma'aunin nisan gari da ake kira Modified Monash, daga MM1 zuwa MM7. Na ɗaya manyan birane ne. Na uku gari ne mai mutum 15,000 zuwa 50,000, na huɗu mai 5,000 zuwa 15,000, na biyar ƙananan garuruwan karkara. Na shida da na bakwai su ne dajin gaske. Ki sa sunan garin a taswirar ma'aikatar a intanet, lambar za ta fito. Tsakanin na huɗu da na bakwai akwai tazara kamar sama da ƙasa, amma a takardar ɗaukar aiki duk "karkara" ake rubutawa.

Tambayar da na fi so ki yi musu ita ce wadda ni ban yi ba: in dare ya yi, su wa ke bakin aiki? Akwai likita a garin, ko ta waya ake samunsa? Nas nawa ne a kowane zubi? Sau nawa a mako za a ce ki kwana da wayar kira a gefen matashi?

A watana na biyu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, wata mota ta tsaya a ƙofar asibiti da wani makiyayi a baya, babur mai ƙafa huɗu ya kife da shi a gona. Mu biyu ne kawai, ni da wata dattijuwar nas da ta shekara fiye da ashirin a garin. Likitanmu ya tafi hutu, wanda zai riƙe masa bai iso ba. Numfashin mutumin yana ta yin sama-sama, ƙirjinsa ɓangare ɗaya ba ya ɗagawa. Na maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, likitan jirgin agaji yana gaya mini abin da zan yi daga nisan ɗaruruwan kilomita, hannuna na rawa, ina karanto masa lambobin da ke kan na'ura. Waɗannan likitocin masu zuwa da jirgi, Royal Flying Doctor Service, tun 1928 suke wannan aiki, wani limamin coci mai suna John Flynn ya kafa su a garin Cloncurry, kuma wallahi Allah ya yi rahama da su. Sai dai jirgi ba ƙiftawar ido ba ne. Kusan awa biyu muka riƙe mutumin nan. Kafin jirgin ya sauka sai da ɗan sandan garin ya bi filin da motarsa yana kora kangaru daga kan hanya. Da aka ɗauke shi, na zauna a dandamalin ƙofa na yi kuka, dattijuwar ta dafa kafaɗata ta ce gobe za ta koya mini abin da ya kamata a ce na iya tun kafin daren.

Abin da na koya a shekara ɗaya a can, da a birni ne sai na yi biyar ban taɓa shi ba, don a babban asibiti kowane abu da mai shi. Amma ke kin ce mini yawancin aikinki a ɗakin masu jinya kika yi shi, ba ki daɗe a sashen gaggawa ba. Shi ya sa nake dagewa. Ki nemi su rubuta miki makonni nawa za ki yi kina bin wata kafin a bar ki ke kaɗai, da kwasa-kwasan ceton rai da za su biya miki. In suka fara kame-kame, amsa ce suka ba ki.

Sai mota. Babu bas, babu tasi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: in ba ki iya tuƙi ba, ki fara koyo tun yanzu. A hagu suke tuƙi. Kada ki kama doguwar hanya da almuru ko da asuba, lokacin ne kangaru ke faɗowa titi. Ɗaya ya taɓa fasa mini fitila ya lanƙwasa murfin inji, na yi awa uku a bakin hanya babu sabis a waya. Tun daga ranar ba na fita gari sai da jarkar ruwa, kuma sai na gaya wa wani inda za ni da lokacin da zan isa. Za ki haɗu da tireloli masu jan wagunu uku, tsawonsu ya haura mita 50. Ki ba su hanya kawai. A arewacin ƙasar kuma damina daga wajen Nuwamba zuwa Afirilu takan yanke hanyoyi kwana da kwanaki.

Batun kuɗi ba zan tsawaita ba. Kaya sun fi tsada, tikitin jirgi zuwa birni yana da zafi, amma in haya ta yi sauƙi kuma babu inda za ki kashe kuɗin, za ki tara abin da 'yan birni ba sa tarawa. Abu biyu dai ki riƙe. Gidan da suka ba ki a jikin aikin yake, ranar da aikin ya ƙare gidan ma ya ƙare, kuma a ƙaramin gari ba lalle ki sami wani ba. Tun Yulin 2024 mai irin bizarki yana da kwana 180 ya nemi wani mai ɗaukar aiki in ya rabu da na farko, don haka ba a ɗaure kike ba, kada kowa ya tsorata ki. Na biyu, haramun ne a dokarsu a karɓi kuɗinki don a tsaya miki a kan biza. Ni wani dillali ya nemi in ba shi albashin wata biyu "na godiya", na ƙi, kuma aikin bai fasa zuwa ba. In wani abu ya shige miki duhu game da haƙƙinki, akwai ofishin Fair Work Ombudsman, kyauta suke sauraro.

Abin da ya fi kayar da mutane ba aikin ba ne, shirun ne. Ke kina da asibiti, kina da abokan aiki, gari zai san sunanki cikin mako biyu, har a tsayar da ke a kanti ana nuna miki ƙurji. Maigidanki fa? Me zai yi daga safe zuwa yamma? Na ga magidanci mai digiri biyu yana zaune a falo wata takwas, tun yana dariya har ya daina magana, aurensu ya kusa mutuwa. Ku zauna ku binciki aikin da garin ke da shi, ma'adinai ne ko kiwo ko ƙaramar hukuma, kuma ya yarda tun daga nan cewa zai iya farawa da abin da bai kai matsayinsa ba. Masallacin Juma'a mafi kusa da mu tafiyar yini ce, sai mun shiga birni muke samun jam'i. Wannan ya yi wa maigidana ciwo fiye da yadda ya zata. Wata shekara muka yi tattaki har garin Broken Hill don mu ga ɗan masallacin kwano da masu raƙuma daga Afganistan da kewayenta suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. Ya daɗe a tsaye a ciki bai ce komai ba, da muka fito ya ce ashe wasu sun riga mu jin wannan kaɗaicin, kuma su ko waya ba su da ita. Mu muna da ita, sai dai tsakanin Kwinsland da gida awa tara ne, lokacin da kika tashi aiki kina son jin muryar Hajiya, ita ko karyawa ba ta gama ba. Ku tsayar da rana da lokaci, kada ku bar shi sai an samu dama.

Da yawa daga marasa lafiyarki 'yan asalin ƙasar ne, Aborijin. Tarihinsu da asibitocin gwamnati akwai ɗaci a ciki, don haka kada ki ga mutum ya kau da ido ko ya yi shiru ki ɗauka raini ne. A wasu al'ummominsu ba a ambaton sunan wanda ya rasu. Akwai ma'aikatan lafiya daga cikinsu, ki kama su hannu bibbiyu, su za su buɗe miki ƙofofin da takardar shaidarki ba za ta buɗe ba.

Ga ra'ayina tunda kin nema. In garin bai wuce MM5 ba, akwai likita mazauni, kuma ba a barin nas ɗaya da dare, ki yi istihara ki karɓa, shekara uku kamar gobe ne. In na shida ne ko na bakwai kuma ke kaɗai za ki riƙa kwana, ki ba su haƙuri a wannan karon, ki fara da gari mai ɗan girma, dajin ba zai gudu ba. Kafin ki ba su amsa, ki ce su haɗa ki da wata nas da ke aiki a wurin yanzu, ku yi magana ba tare da manaja a kan layi ba, ki tambaye ta mutum nawa suka bar aikin a bara da abin da ya kore su. Ki turo mini sunan garin da kwafin kwantiragin in duba miki sashen gida da na kiran dare. Ki gaishe da Hajiya, ki ce mata in tana so zan kira ta da kaina ranar Asabar.