Kwalbar wuski ta fam miliyan 2: me ke cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an taɓa sayar da kwalbar giya guda ɗaya a Landan kan kuɗi sama da fam miliyan 2, wai don ta shekara 60 a ajiye. Ni ba mashayi ba ne, mamaki ne kawai ya kama ni. Abin da ya shekara 60 ba lalacewa zai yi ba? Me tsufa ke ƙara masa, kuma daɗinsa ne ya kai wannan kuɗi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hukuncin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, kuma shekara 60 ba ta canza shi. Zan amsa maka ne ta fuskar kimiyyar abinci, inda nake da ta cewa.

Labarin gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2023 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kwalbar Macallan 1926, wuskin masana'antar Macallan da ke ƙasar Sikotlan, kan fam 2,187,500. An dafa ta a 1926, ta zauna a ganga mai lamba 263 har 1986, kuma kwalba 40 kacal aka zuba. Irin wuskin da ake kira single malt ce. Dokar wuskin Sikotlan ta 2009 ta ce sai an yi ta da tsiron sha'ir da ruwa, a masana'anta guda, ta kuma kwana aƙalla shekara 3 a gangar katakon oak a cikin ƙasar. Tsiron kamar dai na dawa ne da ake kunu da shi: a jiƙa hatsi ya tsira, a busar, a niƙa. Bayan ya yi tsami sai a dafa a manyan tukwanen jan ƙarfe a kama tururinsa.

Abin da ke fitowa daga tukunyar fari ne tas kamar ruwan famfo, mai zafi, mai kaifi. Launin nan na zuma da yawancin ƙamshin daga ganga suke zuwa, kuma a nan amsar tambayarka take.

Ka san randa? Ruwanta kan yi sanyi saboda jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa iska ta kwashe. Gangar katako ma haka take numfashi. Da zafi ruwan ya kumbura ya shiga cikin katakon, da sanyi ya janye ya fito da abin da ya ɗebo, shekara da shekaru. Kafin a yi amfani da ganga akan babbake cikinta da wuta. Gawayin yana tsotse warin farar wuta, zafin kuma yana farfasa wani sinadari na itace mai suna lignin, ya ba da ƙamshin banila, irin wanda masu kek ke sawa.

Gangunan ma ba ɗaya ba ne. Dokar Amurka ta tilasta wa masu wuskin bourbon amfani da sabuwar ganga, don haka tsofaffin sai a sayar wa Sikotlan da araha. Su ke ba da ƙamshin banila da kwakwa da zuma. Waɗanda aka taɓa zuba giyar sherry ta garin Jerez na Sifen a cikinsu kuwa, su ke kawo duhun launi da ƙamshin zabibi, dabino, kanumfari da kirfa. Macallan ta yi suna ne da irin waɗannan. A tsibirin Islay na Sikotlan kuma wasu masana'antu kamar Laphroaig da Ardbeg suna busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasa mai cin wuta, ta ruɓaɓɓun ciyayi na dubban shekaru. Wuskinsu na fitowa da ƙamshin hayaƙi, wani abu tsakanin bandar kifi da warin ɗakin magani. Wannan hayaƙin yana laushi idan shekaru suka ja. Iskar da ke shiga ganga a hankali tana haɗa sinadaran da juna, har masu sana'ar kan ce suna jin mangwaro da abarba da kakin zuma a tsohuwar wuski, alhali ba a saka ko ɗaya ba.

Ba ta ruɓewa saboda ƙarfin barasar: akan zuba ta a ganga da kusan kashi 63.5 cikin 100, babu ƙwayar cutar da za ta rayu a ciki. Amma tana lalacewa ta wata hanya. Katakon oak yana da sinadarin bauri, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, wanda kuma kake ji yana ɗaure maka harshe idan ka tauna goro. Idan ganga ta wuce lokacinta, baurin sai ya danne komai, abin ya koma kamar tsotson katako. Gangunan da ke kai shekara 50 ko 60 ba su kai ga haka ba 'yan kaɗan ne, shi ya sa ake yawan buɗe su ana sunsunawa. Ni a ganina masu talla sun cusa wa mutane cewa duk abin da ya fi tsufa ya fi kyau, kuma kimiyya ba ta goyon bayansu. Da yawa cikin masu sana'ar sun fi yaba 'yar shekara 18 ko 25.

Sai kuma asara. A Sikotlan kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska duk shekara. Su suna kiransa rabon mala'iku. Suna ne kawai da suka sa masa, mala'iku ba ruwansu. Ka ɗauki biro ka lissafa: a shekara 30 ya rage kaɗan fiye da rabi, a shekara 60 bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ga shi a sanyi da danshin ƙasar barasar ta fi ruwa saurin gudu, ƙarfin yana ta sauka, kuma da zarar ya faɗi ƙasa da kashi 40 doka ta hana a kira shi wuski. A wurare masu zafi kamar Bangalore ta Indiya asarar kan kai kashi 10 ko fiye a shekara. Da a Zariya aka ajiye gangar, da jikokin mai ita sun tarar da ƙura.

Wani abin da mutane ba su sani ba: shekarun da ke jikin kwalba na zaman ganga ne kawai. Gilashi ba ya numfashi. Kwalbar 1986 ɗin nan har gobe 'yar shekara 60 ce.

To daɗin ne ya kai fam miliyan 2? A'a. Ƙaranci ne, da suna. Kwalabe 40 ne, 12 daga ciki ɗauke da zanen Valerio Adami na Italiya, wasu 12 na Peter Blake na Ingila, kuma wadda aka sayar a 2023 ta Adami ce. Mai saye yawanci ba buɗewa zai yi ba, ajiya yake yi kamar mai sayen fili a bayan gari yana jiran ya yi daraja. Irinta ta tashi kusan fam miliyan 1.5 a 2019. Haka wuskin Port Ellen da Brora, masana'antun da aka rufe a 1983 don kasuwa ta mutu, ya koma zinariya saboda ragowar tana ƙarewa, har aka sake buɗe Brora a 2021, Port Ellen a 2024.

Inda kuɗi ya taru haka kuwa, sai 'yan jabu. A 2018 wata cibiyar binciken jami'o'in Sikotlan ta gwada tsofaffin kwalabe 55, ta samu 21 na bogi ne. Yadda aka kama su ya fi komai burge ni. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da farkon 1960 sun ƙara yawan sinadarin carbon-14 a iskar duniya, kuma duk sha'irin da aka noma bayan nan yana ɗauke da wannan tambari. Sai a zura siririyar allura ta murfin, a ɗebo 'yan ɗigo a auna. Kwalba tana ikirarin an yi ta kafin 1900, sha'irin cikinta kuma yana cewa shi ya shaƙi ƙurar bam.