Amsar tambayarki kan tashe

Wa'alaikumussalam 'yata, na ga saƙonki, wai yaran sun ga tashe a waya sun dame ki sai kin koya musu, ke kuma waƙoƙin sun ɓace miki kuma kina tsoron barinsu fita da dare. Toh tsoronki na kan hanya, ko a Kano ma ai 'yan sanda sun sha hana tashe saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. A tsakar gida ma ya wadatar. Kuma ba a farawa sai azumi ya kwana 10, goman marmari ta wuce an shiga ta wuya, bayan an sha ruwa an huta.

Amma dan Allah kar ki zaunar da su kamar 'yan makaranta kina biya musu, tashe shiga ce da wasa. Ki samo auduga ki liƙa wa ƙaramin a haɓa, ki ba shi sanda da tsohuwar rigar babansa ya dinga duƙawa yana tari, shi kenan kin yi tsoho da gemu, sauran su bi shi da amshi. Babban kuma ya ɗauki allo da buzu da carbi ya zama malam, suna ce masa ya yi rawa yana musantawa yana ɓata rai, har dai a ƙarshe ya taka, wlh duk dattijon da ya gani sai ya dara don ya san da wa ake. 'Yan matan su kifa ƙwarya a cikin ruwa su kaɗa da ludayi, ɗaya ta sa babbar riga da hula ta zama Daudu ɗaya Mairama, a nan mu muka fara jin yadda ake zaman aure tun ba mu san komai ba. Na gwauro kam bar wa Nalako, sarkin gwagwaren Kano, da mutanensa, ba na yara ba ne.

Sai kuma tukwici, kar ki raina shi. Mu gero da dawa ake zuba mana a ƙwarya muna tarawa mu raba, ke ko naira 50 ce babansu ya ciro ya ba su, kuma ki kira yaran maƙwabta don mutum 3 ba sa cika amshi. Ki kira ni bayan tarawihi in rera miki, amshin za ki fara koya musu tukunna.