Asibiti ya hana mu kai 'yan tayinmu Masar, ko mu je kotu?

Tambaya: Barista, ni da maigidana mun yi dashen ciki na IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a waje sannan a dasa a mahaifa, a wani asibiti a Abuja, bai kama ba. Akwai sauran ƙwai da aka riga aka haɗa aka daskarar. Muna so mu kai su Alƙahira a ƙarasa aikin a can, asibitin ya ƙi ba mu. Jininmu ne, mu muka biya. In maka su a kotu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Abin da zan faɗa bisa bayaninki ne kawai, takardun da kuka sa wa hannu suna iya sauya wani abu.

Ƙara kowa yana iya shigarwa, amma da wuya wannan ta kai ki gaci. Kin ɗauka tunda kun biya, kuna da ikon kai su duk inda kuka ga dama. Sashe na 50 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. An fi sanin sashen da haramta kwafar halittar ɗan Adam, wato dasa cibiyar ƙwayar halitta cikin wani ƙwai ko tsaga ɗan tayi don a samar da kwafin mutum. Amma a cikinsa ne kuma aka hana shigo da ɗan tayi Najeriya ko fita da shi. Hukuncin ɗauri ne na aƙalla shekara 5, babu zaɓin tara.

Na san za ki ce ku haihuwa kuke nema a cikin aurenku, ba kwafin mutum ba. Haka ne. Fargabar da ta haifi irin wannan doka ta taso ne a 1997, lokacin da aka bayyana tunkiyar nan Dolly, wadda aka samar ta hanyar kwafar halitta, a Birtaniya. A shekarar ce Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta zauna a Jidda ta haramta kwafar mutum, kuma babbar damuwar malamai ita ce rikicewar nasaba da mutuncin ɗan Adam. Dashe tsakanin miji da matarsa kuwa, malamai da yawa sun halatta shi. Saboda haka wani lauya yana iya cewa hanin fita da ɗan tayi ya shafi masu kwafar halitta ne kaɗai. Hujja ce da alƙali zai iya saurara, sai dai lafazin sashen bai keɓe masu neman haihuwa ba, kuma ba zan so a gwada wannan fassara a kanki ba alhali ɗauri ne a gaba. Duk dillalin da ya ce zai fitar miki da su cikin tulun sanyi ta filin jirgi, ki rabu da shi.

Asibitin ma ban wanke shi ba. "Ba za mu bayar ba" ba amsa ba ce ga mutanen da aka karɓi kuɗinsu. Idan tun farko kun ambaci Masar, a lokacin ya kamata a faɗa muku gaskiya.

Ku rubuta musu wasiƙa, ke da maigida ku sa hannu tare, ku nemi kwafin takardar amincewa da bayanan jinyarki da dalilin ƙin a rubuce. In kun daina yarda da su, ku nemi a mayar da ƙwan wani asibiti a cikin Najeriya. A fahimtata sashen bai hana wannan ba. In kuma Masar kuka fi natsuwa da ita, sai dai a fara aikin daga tushe a can. In masu asibitin suka yi taurin kai, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Abuja, akwai kuma hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci. Sulhun ya fi sauri, ya fi rufin asiri.

Kafin komai, ki duba abin da yarjejeniyar ta ce zai faru da ƙwan idan kuɗin ajiya ya yanke. Ki ci gaba da biya ko da kuna cikin rigima, ki adana rasit.